Malam Abdullahi Mai Gwandu: Wazirin da Ya Juya wa Mulki Baya

 

Ɗan'uwa mai karatu, da ke ƴar'uwa, a kowane gida na Bune akwai wanda ya tafi nema. Wani yana Libiya, wani Aljeriya, wani Kano ko Legas, wani ya bi zinariyar Jado, wani kuma yana Damagaram ko Yamai yana neman takardar da za ta ba shi kujera. Duk muna yi musu addu'ar samu. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: idan mutum ya samu, sannan ya ga abin da ya samu yana cin addininsa, yaya zai yi? Shi ya sa a wannan ɗan littafi na tunawa na zaɓi in ba ka tarihin wani bawan Allah da wannan tambaya ta tsaya masa a wuya, har ta fitar da shi daga cikin rundunarsa ya faɗa daji. Shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ake kira Mai Gwandu. Allah Ya jiƙan su.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi wajen shekarar 1766, wato Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. Gidansu gidan malamai ne na Fulani Toronkawa a ƙasar Gobir. Kada ka ɗauka labarin nesa ne: Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, tana cikin ƙasarmu ta Nijar a yau, a jihar Tawa. Abdullahi ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi hannun wansa, kuma tun daga nan ya zama inuwar Shehu. Ya yi karatu wurin kawunnansu da wasu malamai da yawa, har da Malam Jibrilu ɗan Umar, wanda ya zauna a Agadas. Daga baya ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanensu. Ka ga mutumin da bai manta da wanda ya koya masa harafi ba.

Ya ƙware a Larabci, nahawu da sarfu da waƙa, har aka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben ƙasar Sudan. Yana cikin samartaka ya bi Shehu yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, inda suka yi kusan shekara biyar. Yana nan kuma a Magami, wajen 1788, ranar wata Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce a maimakon dukiya a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a girmama masu rawani, a saki ƴan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana da shekara ashirin da ƴan kai ya ga wannan da idonsa. Riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da ya riƙa auna mutane da shi har ƙarshen ransa.

Daga allo zuwa sirdi

Zaman Ɗagel ya yi tsami da sarakunan Gobir. A watan Fabrairu na 1804, zamanin Sarki Yunfa, Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, shi ne kuma ya zama waziri. Malamin nahawu ya wayi gari kwamandan yaƙi. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto, suka kori rundunar Gobir wadda ta fi su dawaki da makamai. A 1805 shi ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi, jama'a kuma suka koma Gwandu da zama.

Sai dai nasarar ta zo da tsada. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an ruwaito an rasa mutum wajen 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa, ƙarshen 1805, an sake yin babbar asara. Ka tsaya ka lura da su wa suka mutu. Almajiran Ɗagel ne, waɗanda suka yi shekaru suna zaune gaban Shehu, suka san dalilin da ya sa aka fito. Da suka faɗi, gurbinsu bai zauna wofi ba. Mutane suka yi ta shigowa, wasu don Allah, wasu don sun ga inda ganima take. Tun a hanyar Alwasa ma rundunar ta auka wa wani gari da yake cikin amana ta washe shi, shugabanni suna hanawa ba a jin maganarsu.

Abin da ya gani

Malam Abdullahi da kansa ya ba da labarin wannan lokaci a littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa waƙoƙinsa da tarihin abin da ya sa ya yi su. Abin da ya bayyana a ciki mai nauyi ne. Mutanen da suka fito don gyara addini sun koma rigima kan wa zai riƙe wane gari. Hankali ya koma kan tara ƙwaraƙwarai da manyan riguna da dawakin sukuwa a cikin gari. Ana cin hanci, ana cin ganima ba bisa ƙa'ida ba, ana sayar da ƴaƴa a kasuwa kamar bayi. Kiɗa da bushe-bushe irin na fadar da aka kayar sun dawo. Masallatai da makarantu kuwa an bar su ba mai kula.

To, ga wurin da nake so ka fi riƙewa. Bai tsaya a kan laifin mutane ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi kuwa ya sauko daga kan tudun. Ya lissafa kansa cikin masu laifin, har ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya fi su lalacewa, ya kuma ji tsoron cewa abin da yake ƙi a wurinsu yana nan tafe zuwa zuciyarsa. Wannan waziri ne fa, na biyu a daular da take tasowa, yana da shekara arba'in da ɗaya, komai na duniya yana miƙo masa hannu. Abin da ya firgita shi ke nan.

Dare uku a daji

Wajen 1807 runduna ta fita za ta Alƙalawa, babban birnin Gobir. A hanya Malam Abdullahi ya zame jiki. Ya bar rundunar, ya bar waziranci, ya bar gida da dangi, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ya zauna kusa da kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutum biyar kaɗai suka bi shi. Suka yi dare uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, ba sawun kowa sai na giwaye.

Ka san tafiya gabas a wancan zamani ba jirgi ba ce ta awa biyar. Daga Kano mutum zai ratsa ƙasar Barno, wadda ƙasarmu ta Muniyo take ƙarƙashin inuwarta a lokacin, ya wuce Wadai da Darfur, ya kai bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce, kuma da yawa ba su komowa. Wanda ya kama wannan hanya ya riga ya yi sallama da abin da ya bari.

Dubi kuma yadda ya tafi. Bai ja rabin runduna ya kafa tasa tuta ba, alhali da ya so da ya samu mabiya. Bai kafirta ƴan'uwansa ba, bai zare takobi a kansu ba. Mu da muke maƙwabtaka da Diffa, muka ga abin da ya same ta tun daga 2015, mun san yadda ake yaudarar saurayi da kalmar hijira: a nuna masa ɓarnar mutane, wadda sau da yawa gaskiya ce, sannan a ba shi bindiga a ce ya gyara. Malam Abdullahi ya fi kowane ɗayansu ilmi, ya kuma ga ɓarna da idonsa, amma abin da ya fara tuhuma shi ne ransa.

An gudu ba a tsira ba

Suka iso Kano. Lokacin jama'ar Shehu ba su daɗe da karɓar birnin ba, Malam Sulaimanu ne sarki. Mutanen Kano suka tare shi, suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tsai da addini a cikin mulki. Da ya duba sai ya ga ainihin abin da ya gudo wa a gida, shi ne ya riga shi isowa Kano: son duniya da rikicin shugabanci. Ya kuwa faɗa musu haka ba ɓoye-ɓoye.

Nan ne tarihin ya juya. Da ya so, da ya ɗaura kayansa ya ci gaba, ba wanda zai zarge shi. Amma ya zauna. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya bayyana abin da yake kan shugaba da alƙali da mai karɓar dukiyar jama'a, da iyakar da shari'a ta sa wa kowanensu. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe. Mutane suka tuba, suka farfasa kayan kiɗa, har itacen ganguna aka mai da shi mazubin abincin dawaki. Bayan haka bai ci gaba zuwa gabas ba. Ya juya ya koma Gwandu, wurin wansa da aikin da ya bari. Bai samu zuwa Makka ba har ya rasu.

Wani zai ce to ai ya kasa ke nan. Ni ban ga haka ba. A Kano ya fahimci cewa duniyar da yake gudu ba gari ba ce mai ganuwa da za a fita ta ƙofa a bar ta a baya. Tana tafe da mutane duk inda suka sauka. Kuma idan masu tsoron Allah duka suka tattara suka tafi, wa aka bar wa talakawa?

Akwai wanda ya riga shi bin irin wannan hanya, Imam Gazali, mai Ihya'u Ulumid Din da malamanmu suke karantarwa. Mutumin Ɗus ne a ƙasar Farisa, ya je Bagadaza ya zama babban malamin makarantar Nizamiyya, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna suna neman shawararsa. A 1095 ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ne ya fi yawa a ciki, har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa. Ya raba dukiyarsa ya tafi Sham, ya je Ƙudus da Makka da Madina, ya yi shekara goma da wani abu cikin kaɗaici da ibada. A 1106 shi ma ya koma karantarwa a Naisabur, ya rasu a garinsu a 1111. Shekara ɗari bakwai ke tsakaninsu, amma ka ga dukansu biyu sun fita, dukansu kuma sun komo wa mutane da zuciyar da ba irin wadda suka tafi da ita ba.

Ƙofar Sakkwato

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga kusa da wansa. A 1812 Shehu ya raba aikin daula biyu: gabas ga ɗansa Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Wannan yamma ita ce ta zama ƙasar Gwandu, wadda ikonta ya kai har Sayi da Birnin Gaure a cikin Nijar ta yau. Ka ga mulkin da ya gudar wa ya dawo masa ninki. Ya riƙe shi, amma alƙalaminsa bai daina tsawatarwa ba. A 1813 ne ya haɗa Tazyinul Waraƙat, ya bar wa na baya shaidar abin da ya gani, bai share komai don a yaba wa zamaninsu ba.

Jarrabawa mafi girma ta zo a watan Afrilu na 1817, da Shehu ya rasu a Sakkwato. Abdullahi ne ƙanensa, wazirinsa, wanda ya fara yi masa mubaya'a, mai shekara hamsin da ɗaya, kuma ba wanda ya fi shi ilmi cikin jama'a. Ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ɗan'uwa, sa kanka a wannan wuri. Abin ya yi masa zafi, ba za a ɓoye ba, kuma an yi ƴan shekaru tsakaninsa da Bello ba daɗi. Amma yana da ƙasa, yana da dawaki, yana da masu zuga shi, bai tayar da yaƙi ba. Ya juya kan dokinsa, daga baya ya koma Gwandu.

Bayan shekara uku zuwa huɗu, mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, abin ya fi ƙarfinsa. Bello ya taso da runduna ya taimake shi, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu a fili, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don ya gai da baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo ya sunkuyar da kai ga ɗan wansa, yaron da ya taso a gabansa, a kan idon runduna biyu. A ganina nan ne ya kammala tafiyar da ya faro a 1807. Barin gari da dare yana da wuya, amma barin haƙƙin da kake ganin naka ne, da rana tsaka, ya fi shi wuya.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga nan ya janye daga yawancin harkokin mulki. Ya bar su hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, shi kuwa ya koma ga abin da ya fi so tun yana yaro: karatu, karantarwa, rubutu da ibada bisa tafarkin Ƙadiriyya irin na gidansu. Littattafansa suna da yawa ƙwarai. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, an buga shi a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu, kuma har yau ana karanta shi a zaurukan tafsiri. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi sai ya yi musu gajere, Kifayatu Du'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da muke karatu da ita a allo. A nahawu yana da Baharul Muhiɗ, a sarfu Hisnur Rasin, dukansu a waƙe. Yana da wasu kuma kan gudun duniya da gyaran zuciya. Ya rasu a Gwandu a 1829, can kabarinsa yake. Dawakin da aka yi rigima a kansu ba wanda ya san inda ƙasusuwansu suke, littattafan kuwa ga su a hannun almajirai.

Abin da ya rage gare mu

Ba ina ce maka kada ka tafi nema ba. Kowa ya san abin da damina takan yi mana a ƙasar nan, kuma neman halal don ciyar da iyaye ibada ce. Je ka ci-rani, yi karatunka, nemi aikin gwamnati ko na furoje. Abin da tarihin Malam Abdullahi yake tambayarka shi ne: akwai abin da idan aka ce ka yi, za ka iya ajiye aikin ka tashi? Idan maigidanka a can ya hana ka salla, ko ya sa ka ha'inci a awo, ko aka ce sai ka sa hannu a takardar ƙarya kafin kuɗi su fito, kana da iyakar da ba ka tsallakewa? Wanda ba shi da ranar da zai iya cewa a'a, aikin ne yake riƙe da shi.

Kai kuma da ka komo gida zuciyarka ta gaji da duniya, kana son ka koma ga Allah, madalla. Amma ka tuna Kano. Komawa ga Allah ba ta sa Malam Abdullahi ya rufe ƙofa ya bar mutane cikin jahilcinsu ba. Akwai yara a unguwarku da ba su iya alwala ba, akwai masallacin da rufinsa yake yoyo, akwai tsohuwar da ke jiran ka kawo mata gero. Fara daga nan.

Sannan mu ƴan ƙungiya, mu duba kanmu. Jama'ar Shehu ma don Allah suka taru, kuma shekara uku kacal bayan hijira son girma ya shige su. Ƙungiyarmu ba ta fi tasu tsarki ba. Ranar zaɓen shugabanni, ranar da aka ba ƙaninka muƙamin da kake ganin kai ka cancanta, ranar da kuɗin akwati suka zo hannunka ba mai gani, ka tuna da dattijon da ya tarar da ƙofa a rufe ya juya ba tare da ya zare takobi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da sauran malamanmu na gabas da na yamma. Allah Ya tsare ƴan'uwanmu da suke kan hanya, Ya maido su gida da imaninsu. Ya sa duniya a hannunmu, kada Ya sa ta a zukatanmu. Amin.